Ɓarawon Da Ya Ninke Bargo

Ranar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ranar aka fasa shagon Jummai a Gyaɗi-Gyaɗi. Da rana tsaka kuwa. Duk mai ido ya tafi gidan mai talabijin kallon rantsuwa, layi ya zama ko akuya babu. Ita Jummai tana coci wajen taron Zumuntar Mata, suna yi wa ƙasa addu'a. Da ta dawo ta tarar an karya kwaɗo, teburin keken ɗinki ɗaya ya wangame baki, an cire kansa.

Kekunan ɗinki uku ne a shagon nan, kuma kowa ya san da su, don an daɗe ana gulmarsu a bakin famfo. Mace ɗaya, ƙafa biyu, keke uku, sai ka ce masaƙa. Sana'arta bargon ƙyallaye ce, wadda ta koya wajen uwarta can Filato. Takan bi teloli ta tsince ragowar yadi, ta haɗa su gida-gida, ta shimfiɗa auduga a tsakiya, ta sa shafi a ƙasa, sannan ta bi duka da ɗinki layi bayan layi har su zama abu guda. Masu kai 'ya'ya makarantar kwana su ne manyan masu sayenta.

Kafin magariba 'yan sintirin unguwa sun riga sun samo ɓarawonsu. Ɗan'azumi mai gyaran keke suka kama, mutumin da ya shekara da shekaru yana yawo da jakar sukundireba a layukan nan. An ce an gan shi a ƙofar shagon a daidai lokacin. Suka jawo shi a ƙasa tun daga bakin titi har ƙofar mai unguwa, yara na binsu da ihu. A zaure ya kwana. Mai unguwa ya ce in an yi la'asar washegari zai miƙa shi ga 'yan sanda. Kowa kuma ya san in mai gyara ya shiga hannun hukuma da sunan satar keke, ko ya fito babu matar da za ta sake buɗe masa ƙofa. Sana'arsa ta mutu ke nan.

Sai dai zuciyar mai unguwa ba ta kwanta ba. Da sassafe ya aika Tarauni a kira Mu'azu mai bin sawu.

*

Mu'azu tsohon maharbi ne, ya yi ƙuruciyarsa yana bin ɓarayin shanu a daji kafin ciwon gwiwa ya dawo da shi birni yana sayar da itace. Ba ya da fara'a, ba ya kuma neman a so shi. Da ya iso ƙofar shagon ya tsaya ya dubi ƙasa, sai ransa ya ɓaci tun bai gaisa da kowa ba. An yi yayyafi shekaranjiya, ƙasa ta yi laushi irin yadda mai bin sawu ke so. Amma duk Gyaɗi-Gyaɗi ta zo jaje ta tattake wurin, kamar an ci kasuwar awaki.

Ya tambayi wane ne shugaban masu tsaron nan. Sama'ila ya matso da gorarsa a kafaɗa, wani ƙato mai sayar da kalanzir, ya ce ai Baba bai kamata ma a wahalar da shi ba, aiki ya ƙare tun jiya.

"Wa ya ga keken a hannun Ɗan'azumi?" in ji Mu'azu.

Sama'ila ya ce babu wanda ya gani, amma hankali ai ya gani. Ya ce a duba, ga sabon keke yana ƙyalli, ga na hannu mai sauƙin ɗauka, ɓarawo ya tsallake su ya cire tsohon baƙin nan mai nauyin tsiya. Wa ya san tsohon ya fi su daraja in ban da mai gyara? Da bakinsa ma ya faɗa, da suka matsa shi.

"Yanzu ba lokacin soja ba ne, Baba. Unguwa ta dawo hannun masu ita."

"Na ga alama," in ji Mu'azu. "Jiya-jiya aka ba ku, har kun fara da mai sukundireba."

Ya sa aka kori kowa daga bakin ƙofa, ya shiga.

*

Jummai na zaune a kan benci, ko coci ba ta je ba. Idanunta sun kaɗa, ba don kuka ba, don fushi. Mijinta Elisha, direba a wata ma'aikata, yana tsaye jikin ƙofa da rigarsa ta zuwa coci, yana ta duba titi.

Mu'azu ya tambaye ta abin da kowa ke tambaya a bayan idonta, me mutum ɗaya ke yi da keke uku. Ta ɗago kamar za ta cije shi. Ta ce ta gaji da wannan tambaya. Sabon na haɗa ƙyallaye ne, ɗinkinsa siriri. Na hannun na kalmasa baki ne. Tsohon kuwa shi ne gaba ɗayan sana'ar, shi kaɗai ke iya huda yadi da auduga da shafi a tare bai karya allura ba. In ta ce da keke ɗaya za ta yi duka, yini za ta yi tana kwance wannan tana ɗaura wancan, ɗinkin ma ba zai yi kyau ba. Ta ce mai gona yana da fartanya da garma da gatari, ba ta taɓa jin an ce ya yi haɗama ba.

Elisha ya yi gyaran murya ya ce shi dai a ganinsa a bar wa Allah. Tsohon ƙarfe ne, ga biyu sun rage, wasu matan ko ɗaya ba su da shi. A saki bawan Allahn nan kowa ya huta.

"Baban Favour," in ji ta ba tare da ta dube shi ba, "in ba ka da abin faɗa, je ka coci ka yi mana addu'a."

Bai tafi ba.

Mu'azu ya zagaya teburin. An cire kan a hankali, kusoshin ma an jera su a gefe. A kan kujera kuwa ga bargo an ninke shi huɗu, tsaf, kamar za a sa a akwati. Ya tambayi wa ya ninke. Jummai ta ce haka ta tarar da shi. A kan keken ta bar shi jiya, rabin ɗinki, kuma ba na sayarwa ba ne. Da zannuwan marigayiya uwarta take haɗa shi.

Ya ɗauko ya warware. A tsakiyarsa akwai rami kamar faɗin tafin hannu, an yanke da reza, auduga ta leƙo.

Jummai ta miƙe tsaye. Ta sa hannu ta cikin ramin har ya fito ta ɗaya gefen, ta daɗe a haka. Abin da ta faɗa a kan wanda ya yi wannan aiki ba zai maimaitu ba, da Hausa ta fara ta ƙare da yarensu. Mu'azu ya jira ta sauka, sannan ya tambaye ta yadda take barin aiki in za ta tashi. Ta ce kamar kullum, allura a soke cikin bargon, takalmin keke, wato ƙarfen da ke riƙe yadi, a danne a kai, don kada layi ya goce. Haka uwarta ta koya mata.

Ya ninke bargon ya ce ta ajiye, kada ta nuna wa kowa.

*

A zauren mai unguwa ya sami Ɗan'azumi jingine da bango. Leɓensa ya fashe, hannunsa na dama ya kumbura kamar alkaki, don a kan hannun suka fi sauke gora. Jakarsa ma sun ƙwace.

Bai roƙi komai ba. Ya ce ƙwarai ya je shagon, igiyar keke ya kai wa Maman Favour, wato Jummai, wadda ta ce ya samo mata, ya tarar a kulle ya juya. Kallon rantsuwa bai dame shi ba, duk wanda ya hau mulki, shi dai sai ya yi gyara zai ci tuwo. Da Mu'azu ya tambaye shi maganar da aka ce ya faɗa da bakinsa, sai ya yi dariyar takaici.

"Tambayata suka yi wanne ya fi kyau. Na ce in da ni ɓarawo ne, tsohon zan ɗauka. Gaskiya ce kuma. Sai suka ce na amsa."

"Bakinka ya fi gorarsu illa," in ji Mu'azu.

Ɗan'azumi ya ce wanda ya ɗauke shi ma zai yi da-na-sani. Keken nan da hannunsa ya gyara shi don aikin bargo kaɗai. Ya goge haƙoran da ke jan yadi har suka kusa shafewa, ya ɗaga takalmin sama, don abu mai kauri ya riƙa wucewa ita tana tura shi da hannu. In aka sa masa atamfa falle ɗaya ba zai ja ba, sai ya tsaya wuri guda yana caka har zare ya cukurkuɗe. Ya ƙara da cewa ranar Juma'a ya shayar da shi mai sosai, duk wanda ya karkata shi sai ya ɗiga.

Mu'azu ya tashi bai ce masa ya yi haƙuri ba. Ya san mutumin ya ji wannan kalma har ta ishe shi.

*

Ƙofar shago ta lalace da sawu, amma jama'a ba sa bin jikin bango. Nan Mu'azu ya bi, a sunkuye, gwiwa na yi masa tsiya. Bayan kwanar layi ya ga ɗigon mai a kan dutse, can gaba wani a gefen kwata. Ya bi su layi biyu, suna ƙara yawa, har suka kai shi ƙofar Benedict mai sayar da kayan keke da na injin niƙa.

Benedict haifaffen Kano ne, Hausa a bakinsa kamar ya zage ka da karin magana. Kowa kuma ya san ya taɓa taya tsohon keken nan har sau biyu Jummai ta hana. Da ya ga mai bin sawu a ƙofarsa da 'yan kallo a baya, sai ya fito yana huci. Ya ce dama ya san za a zo. In an rasa na kamawa ai akwai Ibo a layi. Ya buɗe shago ya ce a shiga a kwashe komai a duba.

Mu'azu ya dangwali ɗigon da yatsa ya shinshina, sai ya ji kunya ta kama shi, kunyar kuma ta koma haushi. Baƙin mai ne na janareto. Man keke fari ne kamar ruwa. Ya ɓata hantsi guda yana bin sawun wani yaro da ya kawo inji gyara.

Ya kori 'yan kallo ya zauna a kan wani buhu. Ya ce wa Benedict ya yarda ba shi ba ne, amma ya taimake shi da abu ɗaya. Kan keke ba ya aiki shi kaɗai. Wanda ya ɗauki kai ya bar teburi, dole yana da inda zai ɗora. Ko akwai wanda ya nemi ƙafar keke babu kai a kwanakin nan?

Benedict ya shiga gyara wasu kwalaye da ba su bukatar gyara.

"Oga Benedict," in ji Mu'azu, "hannun mutum na can ya kumbura."

Da ƙyar maganar ta fito. Ya ce makon jiya Elisha ya sayi tsohuwar ƙafa da teburinta, ya sa mai baro ya kai Unguwar Gano, gidan da ƙanwarsa Patience ke haya. Tun jiya abin ke cin sa. Amma shi ɗan kasuwa ne, kuma duk daɗewarsa baƙo ake ce masa. In ya sa baki tsakanin miji da mata, gobe su shirya, shi ya zama mugu.

Mu'azu ya ce masa ya kyauta, ya tsare shagonsa da kyau. Ya ce in an yi la'asar ya zo ƙofar mai unguwa da ƙafarsa, in ba haka ba shi zai zo ya ɗauko shi.

*

Ɗan acaɓa ya sauke shi a Unguwar Gano. Bai sha wahalar neman gidan ba, ƙarar keke ce ta kai shi, tana tashi tana tsayawa, ana tsaki a tsakani.

Patience bazawara ce, mijinta ya rasu bara ta dawo Kano da 'ya'ya biyu. Tana zaune a baranda gaban baƙin keke, ta sa masa wani siket, zare ya dunƙule a ƙasa kamar gidan tsuntsu. Da ya yi sallama ta ɗauka mai gyara ne Allah ya kawo mata. Ta ce ya zo ya ga irin kyautar matar yayanta. Wata nawa tana roƙon a ba ta keke ɗaya cikin uku ta riƙa ɗinkin yara tana ciyar da marayu, ana ce mata kowanne da aikinsa. Jiya Yaya ya kawo mata wannan ya ce Anti Jummai ta sauko. Ashe wanda ya mutu aka zaɓo mata, mara haƙori. Ta ce gara a hana ta da a yi mata wannan wulaƙanci.

Mu'azu ya tambaya ko da wani abu ya zo a jikinsa. Ta ce wani tsumma ne a maƙale ƙarƙashin allura, shi take goge mai da shi. Ta miƙo masa. Atamfa ce shuɗiya ta da, da auduga a ciki, faɗin tafin hannu.

Ya gaya mata abin da ake ciki, bai rage komai ba, har da hannun Ɗan'azumi. Ta saki wilin keken, ta rufe baki da gefen zane. Ta ce ita ba ɓarauniya ba ce. Ya ce ya sani, shi ya sa yake so ta zo ta faɗa da kanta. Su ɗauki kan keken, ta tsaya a gidan da ke kallon na mai unguwa har sai ya aiko.

A hanya yana ta saƙa abu ɗaya. Samun keke bai wanke Ɗan'azumi ba. Mutumin da ya iya yin shiru ana dukan wani saboda shi, zai iya cewa a hannun mai gyara ya saya. Sama'ila da mutanensa kuwa za su rungumi wannan magana hannu biyu, don ita ce za ta wanke gorarsu.

*

Bayan la'asar ƙofar mai unguwa ta cika. Mu'azu ya sa aka ɗauko sabon keken Jummai da teburinsa aka dasa a tsakiyar fili. Aka fito da Ɗan'azumi. Benedict ya zo, Elisha ma ya zo, ya tsaya can baya. Sama'ila yana ta faɗa wa na kusa da shi cewa tsohon nan wasan kwaikwayo zai yi musu.

Mu'azu ya ce wa Jummai ta sa gefen bargon, inda auduga ba ta kai ba, a keke ta bar shi yadda ta saba bari. Ta zauna ta yi ɗinki kaɗan, ta tsayar da allura a soke, ta tashi.

"Ranka ya daɗe," ya ce da mai unguwa, "ƙasa an tattake min ita. Amma ɓarawon ya taka wani wuri da jama'a ba su taka ba. Ina so mutum uku su cire min bargon nan daga keke, ɗaya bayan ɗaya."

Ɗan'azumi aka fara kira. Da hannun hagu ya taɓa wili, allura ta yi sama, ya ɗaga takalmi da ɗan yatsa, ya zare bargon. Ko kallon keken bai yi ba. Jummai ta mayar. Benedict ya zo ya yi haka shi ma, yana gunaguni.

"Saura maigidan," in ji Mu'azu.

Elisha ya ce shi me ya haɗa shi da wannan, kayan matarsa ne aka sace. Mai unguwa ya ce ya zo dai. Ya matso yana share gumi. Ya kama bargon ya ja, bai zo ba. Ya ja ta ɗaya gefen. Ya leƙa ƙasa, ya taɓa nan ya taɓa can, ya danna feda da ƙafa sai allura ta yi caka biyu ta sake nutsewa. Ya ƙara ja da ƙarfi har teburin ya motsa.

"Kada ka yaga min," in ji Jummai a hankali. "Ko in ba ka reza?"

Mu'azu ya zare bargon ya warware shi gaban jama'a, ramin ya bayyana. Ya ce Sama'ila ya yi gaskiya rabi. Wanda ya bar sabo ya ɗauki tsoho, ko dai ya san keke ƙwarai, ko kuwa bai san komai ba sai dai yana jin nauyin mai shi, ya zaɓi wanda yake ganin ba za a yi kewarsa ba. Wanda ya san keke ba zai yanka bargo ba, an ga Ɗan'azumi da hannu ɗaya ma ya cire. Kuma tun da yake bin ɓarayi bai taɓa ganin wanda ya tsaya ya jera kusoshi ya ninke kaya ya ɗora a kujera ba, sai wanda ya saba a yi masa faɗa in ya bar su a ƙasa.

Wasu suka yi dariya. Jummai ba ta yi ba.

Elisha ya buɗe baki, ya dubi Ɗan'azumi, ya fara cewa shi dai wani ne ya kawo masa. Mu'azu ya katse shi ya ce ya tauna maganar nan kafin ya haɗiye, don ƙanwarsa na jin sa. Ya ɗaga hannu. Patience ta fito daga gidan da ke kallonsu, kan keke a kanta bisa gammo. Ta sauke a gaban mai unguwa. Mu'azu ya ɗora shuɗin ƙyallen a kan ramin, ya zauna daidai.

"Yaya," in ji Patience, "ka ce min ita ta ba ni."

Daga nan Elisha bai ƙara musu ba. Ya ce ya gaji ne da ganin 'ya'yan ƙanwarsa suna kwana da yunwa alhali ƙarfe uku na zaune a shagon matarsa. Ya roƙa ya roƙa an hana. Ya ɗauka tsohon ba ya da amfani, za ta yi fushin kwana biyu ta manta. Kwaɗon ma shi ya karya don a ce na waje ne. Bai taɓa zaton za a kama wani ba.

Mu'azu ya ce wannan duk ya ji. Abin da yake so ya sani, da ake jan mutumin nan a ƙasa jiya, shi yana ina?

Elisha ya sunkuyar da kai. Wata tsohuwa daga cikin mata ta ce yana tsaye a ƙofar mai shayi, ta gan shi.

Jummai ta karɓi ƙyallen ta juya shi a hannu. Ta ce wa Patience gobe ta zo shago da safe, akwai benci, akwai keken hannu, ta zauna ta koya, abin da ta ɗinka nata ne. Keke dai ba zai fita daga shagon ba. Sannan ta juya ga mijinta. Ta ce za ta mayar da ƙyallen nan wurinsa da jan zare, mai kauri, kuma a gadonsa za ta shimfiɗa bargon.

*

Jama'a suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, kamar yadda aka saba in abin kallo ya koma abin kunya. Mai unguwa ya ce to alhamdu lillahi, abu ya zama na cikin gida, Ɗan'azumi ya yi haƙuri, kuskure ne, kowa na yi. Sama'ila ma ya matso yana murmushi ya miƙa masa jakarsa.

Ɗan'azumi bai karɓa ba. Ya ɗaga kumburarren hannunsa ya ce wannan zai saɓe. Amma jiya duk matan da yake shiga gidajensu sun leƙo sun ga ana jan sa ana ce masa ɓarawo. Yau su nawa ne a nan? Haƙurin da aka ba shi a zaure ba zai bi gida-gida ba.

Mai unguwa ya juya ga Mu'azu. Mu'azu ya ce shi yana da shawara, in an yarda. Keken nan dole a mayar da shi shago, kuma mai gyara ne zai ɗaura shi. Mai gyara kuwa ba shi da hannun ɗauka. Tunda unguwa ta dawo hannun masu ita, sai masu ita su ɗauka.

Sama'ila ya ce shi ba ɗan dako ba ne. Mai unguwa ya dube shi ya ce ko ya ɗauka, ko kuwa motar 'yan sandan da aka kira wa Ɗan'azumi ba za ta koma wayam ba, ga hannu nan shaida.

Haka aka yi. Ba ta gajeriyar hanya Mu'azu ya bi da su ba. Ya kai su bakin titi inda aka fara jan mutumin, suka biyo layin daga farko. Ɗan'azumi a gaba, Elisha a bayansa rungume da jakar sukundireba, Sama'ila a ƙarshe da baƙin ƙarfe a ka, farin mai na ɗiga masa a wuya. Duk ƙofar da suka zo sai Mu'azu ya buga ta da sanda, ya jira a leƙo, ya ce da Sama'ila, "Faɗa musu."

A ƙofar farko da ƙyar aka ji muryarsa. Mu'azu ya ce bai ji ba, gwiwa ce ke damunsa amma yau kunnen ma ya taɓu. Sama'ila ya sake faɗa da ƙarfi, cewa Ɗan'azumi ba ɓarawo ba ne, su ne suka zalunce shi.

Wajen ƙofa ta biyar wata mata ta saurara har ya gama, ta dube shi sama da ƙasa. Sannan ta leƙa ta bayansa ta ce, "Malam Ɗan'azumi, in hannun ya warke ka biyo. Nawa yana tsallake ɗinki."